Yadda Jiki Yake Kwafar Rubutun Gado

Ba wanda zai koya wa mutumin ƙasar Illela sanin albasa. Daga fadamun Kalmalo har Galmi, can gabas da Birnin Ƙonni, ita ce dukiyar rani, ita ce kuma take cika manyan motoci masu gangarawa Kudu. Amma albasa tana da wani darasi wanda ba a jinsa a kasuwa. A sami kofi a cika shi da ruwa, a ɗora albasa ɗaya a bakinsa yadda gindinta zai taɓa ruwan. Bayan kwana uku ko huɗu za a ga fararen saiwoyi sun fito, kowace safiya kuwa sun ƙara tsawo. Ba wanda ya ɗinka musu ƙari. To, da me suke yin tsawon?

Saiwar nan, kamar kowane abu mai rai, da ƙananan ƙwayoyi aka gina ta, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita mai ƙara girman abu. A can bakin saiwar ƙwaya ɗaya takan rabu ta zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Shi ya sa a makarantun sakandare ko'ina cikin duniya akan yanka bakin saiwar albasa a sa a madubi, domin yara su ga rabuwar da idonsu. Haka ɗan akuya yake girma, haka miki yake warkewa. Kowane ɗayanmu ma daga ƙwaya ɗaya tak ya fara a cikin mahaifiyarsa, ga shi kuwa jikin babban mutum yana da ƙwayoyi wajen miliyan sau miliyan 30.

Abin da muke so mu duba a wannan wata shi ne aikin da ƙwaya take yi a ɓoye kafin ta rabu. Yana da wuyar gani, amma ya shafi kowane gida da ake haihuwa a cikinsa.

Rubutun da ke cikin ƙwaya

A tsakiyar ƙwaya akwai wani zare siriri ƙwarai. Masana suna ce da shi DNA, mu kuwa a nan za mu kira shi rubutun gado, gama a jikinsa aka rubuta umarnin ginin jiki duka, tun daga launin fata har irin jinin da mutum zai yi. Da haruffa huɗu kaɗai aka yi rubutun, watau A, T, G da C, amma a ƙwayar mutum ɗaya sun kai miliyan 6,000, rabi daga wurin uba, rabi daga wurin uwa. An ɗaure su dami dami, har dami 46. Da za a miƙe zaren ƙwaya ɗaya, tsawonsa ya kusa mita 2. Albasa dami 16 gare ta, amma rubutunta ya fi na mutum yawa wajen sau biyar. Wannan ya isa ya rage wa ɗan Adam girman kai.

Ga inda wuyar take. In 'yan'uwa biyu suka gaji gona, suka yaga takardar gonar biyu kowa ya riƙe rabi, ba wanda yake da shaida a hannunsa. Haka ƙwaya. In ta rabu ba tare da ta kwafe rubutunta ba, kowace ɗiya za ta tashi da rabin umarni, ba kuwa za ta rayu ba. Tilas ne a kwafe rubutun duka, daga farko har ƙarshe, sau ɗaya, ba kuma sau biyu ba, kafin a raba.

Shekaru da yawa masana suna kallon rabuwar a madubi, suna ɗaukar lokacin da ke tsakanin rabuwa da rabuwa kamar lokacin hutu ne, domin ba a ganin kome yana motsi. A shekarar 1953 waɗansu masu bincike biyu a asibitin Hammersmith a Landan, Alma Howard da Stephen Pelc, suka shayar da saiwar wani irin wake da ruwa mai wani sinadari da yake barin alama duk inda ya shiga. Sai suka ga sinadarin yana shiga sabon rubutu a wani lokaci na musamman kaɗai, akwai jira kafinsa, akwai kuma jira bayansa. Ashe ƙwaya tafiyar fatake take yi, zango zango. A zango na fari tana girma tana tara guzuri. A na biyu tana kwafa, shi ne masana suke yi wa alama da harafin S. A na uku tana duba abin da ta kwafa. A na huɗu ta rabu. Ƙwayar mutum mai saurin rabuwa takan zaga duka cikin awa 24 ko kusa da haka: wajen awa 11 a zango na fari, awa 8 a kan kwafa, awa 4 a kan dubawa. Rabuwar da kowa yake sha'awar kallo awa ɗaya ce kurum.

Yadda ake kwafar

Duk wanda ya taɓa tufka igiyar rama zai gane wannan da sauri. Rubutun gado igiya ce mai sili biyu a murɗe da juna. James Watson da Francis Crick ne suka bayyana siffar a Ingila a 1953 ɗin nan, da taimakon hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka. Kowane harafi a sili ɗaya yana riƙe da abokinsa a ɗaya silin, abokan kuwa ba sa sakewa: A da T kullum, G da C kullum. Saboda haka in ka san sili ɗaya, ka san ɗayan.

Sa'ad da zangon kwafa ya zo, sai a warware igiyar. Wani ƙanƙanin ma'aikaci ya bi kowane sili yana karantawa, inda ya ga A ya sa T, inda ya ga G ya sa C, har ya tufka masa sabon aboki. A ƙarshe igiya ɗaya ta zama biyu, kowacce rabinta tsoho, rabinta sabo. Matthew Meselson da Franklin Stahl suka tabbatar da haka a Amurka a 1958.

Ma'aikacin nan ba ya wuce harafi wajen 50 a daƙiƙa ɗaya. Mun ba 'yan aji shida wannan lissafi su yi: da shi kaɗai ne zai kwafe haruffa miliyan 6,000, sai ya yi kusan shekara huɗu bai huta ba. Jiki kuwa ba shi da wannan lokaci. Domin haka gayya ake yi. Ana buɗe igiyar a wurare dubbai, kowane wuri ma'aikata su kama, waɗansu su nufi gabas waɗansu yamma, har kowa ya haɗu da maƙwabcinsa, kamar yadda 'yan gayya suke raba kunya a gonar gero. Da haka aikin shekara huɗu yake ƙarewa cikin awa 8.

Mai tufka kuwa sai da rama. Jiki ba ya iya ƙera sababbin haruffa sai da wani abu da ake samu a ganye, a wake, a gyaɗa, da hanta, wanda a asibiti ake ba da shi da sunan folik asid. Wata likita, Lucy Wills, ita ta fara gano amfaninsa a 1931 a birnin Bombay na Indiya, inda mata masu ciki matalauta suke fama da rashin jini. Dalili kuwa shi ne ɓargon ƙashi yana haifar jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2 kowace daƙiƙa, kwafa ba ta tsayawa a can dare da rana, in kayan aiki suka yanke jini ne yake fara nunawa. Mace mai ciki tana yi wa mutum biyu wannan aiki. Lakar bayan jariri takan rufe wajen kwana 28 bayan ɗaukar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba, rashin wannan abu kuwa yana iya sa a haifi yaro da buɗaɗɗen baya. Don haka ƙananan ƙwayoyin da ake bayarwa wurin awon ciki ba na ajiyewa a ƙarƙashin katifa ba ne. Amarya ma ta fara cin zogale, alayyafo da wake tun kafin ciki ya zo, in ta sami ƙwayar ta fara sha.

Har maganin da ake bi gida gida ana ba yara ƙanana da damina domin tsare su daga zazzaɓin cizon sauro, a nan yake kama abokin gaba. Ɗaya daga cikin magungunan, irin wanda muka sani da sunan Fansidar, yana toshe wa ƙwayar cutar hanyar samun wannan kayan aiki, ta kasa kwafar rubutunta, ta kasa yaɗuwa.

Harafi ɗaya

Mai kwafa yakan yi kuskure, wajen sau ɗaya cikin haruffa 100,000. Amma yana waiwayen bayansa yana gogewa, a bayansa kuma akwai waɗansu masu dubawa, kamar malami da jan biro. Bayan an gama duba, abin da yake kuɓucewa bai fi ɗaya cikin miliyan 1,000 ba. Ba magatakardan da ya taɓa kaiwa nan. Duk da haka kowane jariri yana zuwa duniya da sababbin canje-canje wajen 60 waɗanda babu su a jikin iyayensa. Kusan dukansu ba sa yin kome.

Mu malaman makaranta mun san wani abu game da kwafa. Yaro ya yi fashi ranar Litinin, sai ya ari littafin abokinsa ya kwafa. In abokin ya rubuta wata kalma ba daidai ba, haka za ta shiga littafi na biyu, daga nan ta shiga na uku. Yaro mai kula ƙwarai shi ne ma yake kwafe kuskuren sarai, ba ragi ba ƙari, gama aikinsa kwafa ne. Ƙwayar jiki haka take. Masu dubawa suna kama kuskure sa'ad da yake sabo. In ya wuce su sau ɗaya, ya zama rubutu, za a kuwa kwafe shi da aminci daga kaka zuwa jika.

Wannan shi ne asalin ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini. A dami na 11 akwai umarnin ƙera himogulobin, watau abin da yake ɗaukar iska a cikin jini. Dubban shekaru da suka wuce, a jikin wani daga kakannin kakanninmu, harafi ɗaya a wurin ya sake, A ya zama T. Vernon Ingram ya nuna a 1956 cewa bambancin jinin mai sikila da na sauran mutane a wuri ɗaya tak yake. Saboda wannan harafi, sa'ad da iska ta ragu a jini, ƙwayar da take kewayayya mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi yake zuwa, da kumburin hannu da ƙafa a jarirai, da idanu rawaya. Jan ƙwayar jini mai lafiya takan yi kwana 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20.

Mai karatu zai tambaya, me ya hana irin wannan rubutu ɓacewa tuntuni? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954, daga binciken da ya yi a Afirka ta Gabas. Wanda ya gaji harafin daga gefe ɗaya kaɗai, watau mai jinin AS, lafiyarsa lau, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kuma ba ya cika kashe shi yana ƙarami. A ƙasar sauro irin tamu, yara masu AS sun fi tsira, suka girma suka haifi nasu. Abin da ya tsare kakanni shi ne yake wahalar da jikan da ya gaje shi ta gefe biyu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce mutum 24 cikin 100 a Nijeriya suna ɗauke da harafin, ana kuma haifar yara wajen 150,000 da ciwon kowace shekara. A ajin yara 40, wajen 10 ke nan masu AS, galibinsu ba su sani ba.

Laifin wa?

Kowane mutum yana da wannan umarni kashi biyu, na uba da na uwa, amma ɗaya kaɗai yake miƙa wa ɗansa, ba shi ne yake zaɓa ba. A ɗauki ƙwarya biyu, ɗaya ta miji ɗaya ta mata. In dukansu AS ne, a sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya a kowace ƙwarya. A rufe ido a ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Fari da fari AA ne. Fari da ja AS ne. Ja da ja SS ne, shi ne mai ciwon, yakan fito sau ɗaya cikin huɗu. Sai dai a lura, bayan kowace haihuwa ana mayar da waken cikin ƙwarya. Kuskure ne a ce, "Mun riga mun haifi mai ciwo ɗaya, uku na gaba lafiyayyu ne." Akwai gidan da ya haifi shida ba mai ciwo ko ɗaya, akwai kuma wanda uku a jere suka zo da shi.

Muna roƙon iyaye maza da surukai su sake karanta wannan sakin layi. Ba yaron da yake zama SS ta wurin uwarsa kaɗai. Ja ɗaya daga ƙwaryar uba ya fito. Mun ga matan da aka kira masu wabi, domin 'ya'yansu suna mutuwa kafin yaye ko jim kaɗan bayansa. Aka tsaga wa jariri fuska, aka sa masa sunan da zai sa mutuwa ta raina shi, aka zargi kishiya ko tsohuwar maƙwabciya da maita, wani lokaci aka kori matar aka auro wata. Ba kowane wabi ne sikila ba, gama zazzaɓi da gudawa da ƙyanda sun ci yara da yawa. Amma inda yara suke kumburin hannu tun suna wata shida, suna kukan ƙashi duk sa'ad da sanyin hunturu ya sauko, a gwada jinin uba da uwa kafin a buɗe baki a zargi kowa. Mutumin da ya saki matarsa a kan wannan, ya auro wata mai AS, ya koma gaban ƙwarya biyu ɗin nan ne.

Gwajin ba shi da wuya, ɗan jini kaɗan ne. Ana yinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da manyan asibitoci, ma'aikatan lafiya na kusa kuma za su faɗi inda ya fi sauƙin zuwa. Sakamakon mutum ba ya sakewa har ya mutu, amma wurin gwaji yakan yi kuskure. An sha ba mutum takarda mai cewa AA, daga baya haihuwa ta nuna AS ne. Saboda haka a gwada sau biyu a wurare dabam dabam. A kuma tambayi likita a kan jinin AC, gama C da S in suka haɗu su ma suna kawo ciwo. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin jini kafin aure, har da na sikila, ikkilisiyoyi da yawa kuma suna neman takardar kafin su ɗaura aure. Mu a nan bakin iyaka muna aure da 'yan'uwanmu na Ƙonni da ƙauyukanta, jini kuwa bai san shingen kwastan ba, sai a gwada ko daga wane gefe amarya ta fito.

Amma muna da magana da dattawan ikkilisiya a kan lokacin gwajin. A bari sai an kai kayan lefe, an buga katin gayyata, saura mako biyu, sa'an nan a ce a kawo takardar jini, wannan ba taimako ba ne. A lokacin zuciya ta riga ta ƙulla, kunya ta shiga tsakani, nan ne ake jarabtar matasa su sayi takardar ƙarya. Ya kamata yaro da yarinya su san jininsu tun suna makaranta, kamar yadda suka san sunan kakansu, domin tambayar ta zo da wuri, tun magana ba ta yi nisa ba. Mai AS kuma ba mara lafiya ba ne, kada a mai da shi abin nuni. In ya auri mai AA ba za su haifi SS ba. Mai SS ma in ya auri mai AA, 'ya'yansu AS za su zama.

Gidan da yaron ya riga ya zo

Yaro mai SS ba a haife shi domin kabari ba, kamar yadda ake faɗa a dā. Da kulawa suna girma, su yi karatu, su yi aure. Yana bukatar gidan sauro, allurar rigakafi duka, ruwan sha da yawa, da rigar sanyi da hunturu. Ana ba shi folik asid kullum, domin ɓargonsa yana kwafa fiye da na kowa don ya mayar da ƙwayoyin da suke mutuwa da wuri. Zazzaɓi a jikinsa ba na jiran gobe ba ne. Haka kuma numfashi da ƙyar, ko cikin da ya kumbura farat ɗaya, ko hannu ko ƙafa da ta saki, ko baki da ya karkace: a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Akwai kuma wani magani, haidroksiyuriya, wanda aikinsa a zangon kwafa yake. Yana rage wa ƙwaya kayan ƙera haruffa, shi ya sa tun dā ake ba masu ciwon daji. Sai aka lura cewa in aka ba mai sikila kaɗan kaɗan, ɓargonsa yakan koma ƙera irin himogulobin da jariri yake da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Gwajin da aka yi a Amurka a 1995 ya nuna tashin ciwo ya ragu da kusan rabi. An kuma gwada shi a nan Arewa, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da waɗansu asibitoci, a kan yara masu sikila da suke cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo ma yana tsare su. Ba maganin saye a kasuwa ba ne. Likita ne yake auna shi bisa ga nauyin yaro, yana kuma duba jininsa lokaci lokaci, mace mai ciki ko mai neman ciki kuwa sai ta faɗa wa likita tukuna.

A makarantarmu mun yarda a kan abu uku game da irin waɗannan yara. Suna shiga aji da gorar ruwansu, su fita bayan gida ba sai sun roƙa ba. Ba a sa su gudu a rana ko tsayuwar safe cikin iskar hunturu. In kuwa suka yi fashin mako guda saboda ciwo, ba bulala, malamin aji ne da kansa yake duba littafin da za su kwafa daga ciki.